Empale ko impale: kuskure yarinyar ta yi, ko tsohon rubutu ta tono?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana Turanci da ke cikinmu. Na ba 'yan ajin ƙarshe insha'i a kan wani haɗari da suka taɓa gani da idonsu, sai wata yarinya ta kawo labarin lebura da ya faɗo daga saman gini ya sauka a kan rodi. Ga yadda ta rubuta: he was empaled on an iron rod. Da e ta fara kalmar, ba da i ba. Ni dai impale na sani, ita nake karantawa a jaridu, ita nake koyarwa. Na ɗaga jan biro zan zagaye, sai na dakata, don yarinyar ba mai sakaci da rubutu ba ce. Da na tambaye ta, ta ce a wani tsohon ƙamus na mahaifinta ta gani. To akwai wannan kalma da gaske? In akwai, ma'anarsu ɗaya da impale? Kuma in cire mata maki ko in bar mata?

Auwalu: Wa alaikumus salam Malam. Akwai ta, ba ko shakka. Mu masu buga Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci, mun san ta sarai. Tana cikin jerin kalmomin Collins da muke gasa da shi a Najeriya, har da empaled da empales da empaler. Duk wanda ya ƙalubalance ta a tebur, shi zai kwana ciki. Irin waɗannan kalmomin ne manyan 'yan wasa ke haddacewa, irin su Wellington Jighere da ya ci kofin duniya a Perth a 2015, ɗan Afirka na farko da ya ci. Don Allah kada a taɓa mata maki.

Hajiya Rabi: Auwalu ɗana, kasancewar kalma a jerin wasa ba hujja ba ce a ɗakin jarrabawa. Jerin nan na tattara duk abin da ya taɓa shiga ƙamus, mai rai da wanda ya daɗe da mutuwa. Ni na yi aikin fassara labarai a gidan rediyo har na yi ritaya, ban taɓa ganin labarin da ya zo mana daga kamfanonin dillancin labarai da empale ba. Kullum impale ce. Amma ka yi gaskiya cewa akwai ta. Malam Sabi'u, kalma ɗaya ce mai rubutu biyu, ɗaya ya tsufa, ɗaya ya ci kasuwa.

Mamman Sani Maraɗi: Barkanku da warhaka. Ni da na ga tambayar Malam, mamakina shi ne yadda aka yi kuke rubutawa da i, don mu da muka yi lakwal a Nijar da e muka san ta. A Faransanci empaler ake cewa, sunan aikin kuma empalement, har yau ɗin nan, babu wani rubutu na biyu. Daga nan Ingilishi ya aro ta a ƙarni na 16. Tushen kuma Latin ne, palus, wato gungume ko sanda mai tsini da ake kafawa a ƙasa. Latin na tsakiyar zamani ya yi impalare, ɗora mutum a kan wannan gungumen. To kun ga hanya biyu ke nan kalmar ta bi ta shiga Ingila. Wanda ya bi bakin Faransawa ya rubuta em, wanda ya koma ga Latin ya rubuta im. Yarinyar nan ba ta ƙirƙiro komai ba, rubutun Faransawa ta kama.

Malam Sabi'u: Madalla da wannan, Mamman Sani. To me ya sa ba en ko in ba? Na san ɗafa-goshin asali in ne, mai nufin ciki.

Malam Nuhu: Allah gafarta Malam, wannan duk wanda ya yi tajwidi ya san shi. Nuni mai sukun in ya haɗu da ba, sai ya juye mimi, shi ne iƙlabi. Leɓɓa ne ke shirin rufewa don furta harafin da ke tafe, sai n ta bi su ta zama m. Mu ma haka muke yi. Muna rubuta gidan Bala amma bakinmu gidam Bala yake faɗa, muna rubuta an ba shi muna furta am ba shi. Latin da Faransanci sun shigar da wannan juyin cikin rubutu, shi ya sa gaban p da b za ka ga im ko em.

Hajiya Rabi: Haka ne Malam Nuhu. Kuma wannan tagwaitakar ba a kan kalmar nan kaɗai ta tsaya ba. Turanci cike yake da ita: enquire da inquire, embed da imbed, empanel da impanel, enclose da inclose. A wasu e ce ta yi nasara, babu mai rubuta inclose yanzu sai a tsofaffin takardun shari'a. A wasu i ce ta yi. A wasu kuma sai suka raba gado, kamar ensure da insure, ɗaya ta zama tabbatarwa, ɗaya ta tafi harkar inshora. Empale da impale ba su raba komai ba, i ta kwashe duka. Abin da zai ba ku mamaki, a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 a ƙarƙashin harafin E ya yi bayaninta, haka Noah Webster ya kawo empale a nasa na 1828. Wato akwai lokacin da malamin makaranta a Ingila ba zai ko ɗaga ido ba in ya ga abin da ɗalibarka ta rubuta.

Zainab: Anti Rabi ina da tambaya. Ni ina aji biyu a jami'a, sashen Turanci. Kullum ina ɗauka impale da pierce da stab duk abu ɗaya ne, soka. Akwai bambanci ne?

Hajiya Rabi: Akwai babba, Zainabu, kuma wannan ya fi maganar e da i muhimmanci nesa ba kusa ba. A nan ne masu fassara ke zubar da labari.

Pierce huda ce. Abu mai tsini ya shiga, wataƙila ya fita ta ɗaya gefen, abin da ya dame ka shi ne an sami ƙofa. Hujin kunnen jaririya pierce ne. Stab kuwa daɓa wuƙa ne, hannu ya kai suka ya janye. Prick ita ce 'yar sukar ƙaya ko allura. Amma impale, abin da ya soki jikin yana nan bai fita ba, jikin ne ma ya maƙale a kansa, ya rataya ko ya kafu. Shi ya sa harafin da ya fi bin ta shi ne on. Ana cewa impaled on a spike, impaled on the railings. Mutum ne a kan ƙarfen, kamar yadda nama yake a kan tsinke. Ana iya cewa impaled with a spear in mashin ne aka kawo aka soka ya zarce ya tsaya a ciki, amma on ta fi yawa. Kuma yawanci ba a ambaton wanda ya yi aikin, sai a ce he was impaled, ko kuwa he impaled himself in faɗawa ya yi da kansa.

Mu kuwa muna da kalmar da ta yi daidai da ita ƙwarai: tsire. Mai nama ya tsire yanka a tsinke, shi ya sa ake kiran naman tsire. In ka fassara impale da soke, ka faɗi rabin labari. In ka ce huda, ka faɗi kwata. Jimlar ɗalibar Malam Sabi'u a Hausa ita ce rodi ya tsire shi, kuma ta zaɓi aikatau ɗin da ya dace, ta sa masa on ɗinsa daidai. Wannan ya kamata a fara yaba mata.

Garba Tela: Hajiya ban yarda a ce tsire a labarin mutum ba. Mai sauraro yana jin tsire, hankalinsa zai tafi tukuba da ƙuli-ƙuli. Mutum ya yi haɗari, iyalansa na kuka, a ce a rediyo an tsire shi? Ni a ganina rashin tausayi ne. A ce rodi ya soke shi ya isa.

Hajiya Rabi: Malam Garba, na fahimci abin da kake ji, kuma mun sha wannan gardamar a ɗakin labarai. Amma dubi abin da ke faruwa. In na ce rodi ya soke shi, mai sauraro zai ɗauka ya ji ciwo an ɗaure masa ya koma gida. In na ce ya tsire shi, nan take ya san ƙarfen na jikinsa aka kai shi asibiti. Tausayi ba ya cikin rage wa labari nauyi. In kana gudun kalmar, sai ka tsawaita, ka ce rodi ya soke shi ya fasa ta baya ya tsaya a jikinsa. Ka ga kalma goma ka kashe a inda ɗaya ta isa.

Malam Nuhu: Malam Garba, kalmar ba ta mahauta kaɗai ba ce. Ka tuna tafsirin Suratu Yusuf, mafarkin fursunonin nan biyu. Malamanmu cewa suke ɗayan za a tsire shi, tsuntsaye su ci daga kansa. Haka barazanar Fir'auna ga masu sihirin da suka yi imani, zai tsire su a jikin itatuwan dabino. Babu wanda ke jin wannan a masallaci ya tuna da tukuba. Kalmar Larabcin salbu ce, wasu kan fassara ta da gicciyewa, amma tsirewa ta daɗe a bakin malamai, don hukunci ne da Bahaushe ya san sunansa tun da.

Garba Tela: A tafsiri na yarda, Malam, can hukunci ne. A haɗarin lebura dai har yanzu kunnena bai karɓa ba.

Baba Ɗanjuma: Yara ku bari in sa baki, ni tarihi na koyar. Garba, abin da ya sa kunnenka ke ƙi shi ne ainihin abin da ya sa Bature ma ke jin tsikar jikinsa ta tashi in ya ji impale. Kalmar ta ɗauko nauyinta daga hukuncin kisa mafi muni da mutane suka ƙirƙiro. A dokokin Hammurabi na Babila akwai shi, ga matar da ta sa aka kashe mijinta saboda wani namiji. Assuriyawa sun sassaƙa shi a dutse: zanen yaƙin Lakish na sarki Sennakerib, shekara 701 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nuna mutane a tsire a bakin gari, duwatsun suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Wanda kowa ya fi sani shi ne Vlad na III, sarkin Walakiya a ƙasar Romaniya ta yau. Turawan Ingila na ce masa the Impaler, mutanensa na ce masa Tsepesh daga kalmarsu ta gungume mai tsini, Turkawa na ce masa Kazikli, duk ma'ana ɗaya, mai tsirewa. A 1462 da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Muhammadu na II ya kawo masa yaƙi, rundunar ta iso kusa da Targobishte, babban birnin Vlad, ta tarar da fili guda cike da mutane a tsire, marubutan lokacin suka ce dubbai ne.

Kuma kada mu ɗauka abin na nesa ne kawai. Hugh Clapperton, Baturen nan matafiyi da ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa tsirewa cikin hukuncin kisa da ya ce ana yi a ƙasashen nan. Baƙo ne, ana iya tuhumar wasu bayanansa, amma harshenmu da kansa shaida ne, don ba a raɗa wa abu suna sai an san shi.

Mamman Sani Maraɗi: Baba, a ƙara da Faransawa su ma. A watan Yuni na 1800 wani ɗalibi mutumin Halab, Sulaiman al-Halabi, ya kashe Janar Kleber da Napoleon ya bar wa rundunarsa a Alƙahira. Kotun sojan Faransa ce ta yanke a ƙone hannunsa na dama sannan a tsire shi, aka kuwa zartar. Su da ke kiran wannan hukunci na gabas ne, na marasa wayewa, ga shi sun yi da hannunsu. Suna kiransa le supplice du pal, azabar gungume. Pal ɗin nan shi ne palus na ɗazu.

Zainab: Subhanallahi. To amma Baba, ni a wani tsohon wasan kwaikwayo da muka karanta na ga an ce an yi wa sarki impale da kambun sarauta a kansa. Na rasa gane yadda za a tsire mutum da kambu a ranar naɗinsa.

Baba Ɗanjuma: Yawwa jikata, kin taɓo inda nake so. Ba tsire shi aka yi ba, kewaye masa kai aka yi. Ma'anar farko da kalmar ta shigo Ingilishi da ita ba suka ba ce sam, kewaye wuri ne da gungume. Sai a farkon ƙarni na 17 ma'anar tsirewa ta bayyana a rubuce, ta yi ta girma har ta danne ta farkon. Mu muna da wannan abin, shi ne kafi. Garin da ba shi da ganuwar ƙasa sai a kafa masa itatuwa a jere a kewaye shi. Sunayen garuruwa sun riƙe mana shi: Kafin Hausa a Jigawa, Kafin Madaki a Bauchi, har Keffi ana cewa daga kafi ne. To pale a tsohon Turanci ita ce itacen kafi, palisade shi ne kafin gaba ɗaya, pole ma 'yar gidan ce. Yankin da Ingila ke riƙe da shi kewayen Dublin a ƙasar Ayalan a ƙarshen ƙarni na 15 ana kiransa the Pale, wato cikin kafi. Masarautar Rasha ma ta ware wa Yahudawa yankin zama daga 1791 zuwa 1917, da Turanci Pale ake ce masa. In kin ji Bature ya ce abu beyond the pale ne, yana nufin ya fita daga kafi, ya wuce gona da iri.

Abin da na lura da shi a karatuna, inda duk na ci karo da rubutun empale da e a tsofaffin littattafai, sau da yawa wannan ma'anar ta kewayewa ce ake nufi. Don haka mai karanta tsohon rubutu ya yi hattara, kada ya ga gari empaled ya ɗauka an kashe mutanensa, shinge aka yi masa.

Hajiya Rabi: Baba ya yi gaskiya, amma kada ɗalibai su mayar da shi doka, su ce e ta shinge ce i ta tsirewa. Ba a taɓa yin wannan rabon ba. Johnson a ƙarƙashin empale ɗin ya kawo duka, shingen da kisan. Masu nazarin tsirrai ma sun yi amfani da ita: Nehemiah Grew a ƙarni na 17 ya kira koren ganyen da ke rungume da gindin fure empalement, don ya kewaye furen kamar danga. Masu tsara tambarin gidajen sarautar Turai kuma har yau suna cewa impale in an raba garkuwa biyu daga sama zuwa ƙasa, tambarin miji a gefe ɗaya na mata a ɗayan.

Auwalu: To ga shi nan, kalma mai wannan tarihin a ce za a zagaye ta da jan biro? Malam Sabi'u, in ka cire mata maki ka koya mata cewa bincike laifi ne. Yara nawa ne a ajin suka buɗe ƙamus kafin su rubuta?

Malama Asabe: Auwalu, ni ma malamar Turanci ce, kuma na yi makin WAEC. Bari in faɗa maka yadda abin yake a can. Insha'i kashi huɗu ake duba shi, ɗaya daga ciki shi ne ƙa'idojin rubutu, kowane kuskure rabin maki. Mai maki na da tarin takardu a gabansa, ba zai tashi neman ƙamus na 1755 ba. Yana ganin empaled zai zagaye ya wuce, yarinyar ba ta nan balle ta kare kanta. In Malam ya bar mata yau ba tare da magana ba, ya tura ta ta je ta yi asara a inda babu ɗaukaka ƙara. Mu aikinmu mu koya musu Turancin da ake rubutawa yanzu.

Auwalu: Amma Malama, kuskuren mai maki ne ke nan, ba nata ba. Don me za a hukunta ta a kan abin da wani bai sani ba?

Malama Asabe: Ban ce a hukunta ta ba ƙanena. Na ce kada a yi shiru. Akwai bambanci tsakanin ka zagaye kalma ka rubuta kuskure, da ka ja layi a ƙarƙashinta ka rubuta a gefe cewa wannan tsohon rubutu ne, na yanzu impale. Na farkon ƙarya ne, don ba kuskure ba ne. Na biyun gaskiya ne kuma zai amfane ta. Kuma ka duba ƙamusoshin ɗalibai da muke amfani da su a makarantu, impale za ka samu. Manyan ƙamusoshi ne ke kawo empale, su ma sai su ce maka wani rubutu ne na impale da ba a cika amfani da shi ba. Ko kwamfuta ka buga wa ita, jan layi za ta ja mata.

Malam Sabi'u: Shawarar Malama Asabe zan bi. Ba zan cire ko rabin maki ba, zan yi mata bayani a gefen takarda, kuma zan ɗauki darasi guda in koya wa ajin bambancin pierce da stab da impale yadda Hajiya ta shimfiɗa, da maganar kafi ta Baba. Na gode ƙwarai. Amma kada a rufe zancen, ina ƙaruwa.

Sista Ladi: Sannunku. Ni ba malamar Turanci ba ce, jinya nake a sashen gaggawa, amma kalmar nan muna rubuta ta a fayil, impalement injury, kullum da i. Ina goyon bayan Hajiya Rabi a kan maganar fassara, don a wurinmu bambancin soke da tsire bambancin rai da mutuwa ne. In aka kira mu aka ce ƙarfe ya soki mutum, shirin wanke ciwo da ɗinki muke yi. In aka ce ƙarfen na jikinsa, likitan tiyata za a nemo, a tanadi jini, a shirya ɗakin aiki.

Kuma don Allah tunda maganar ta zo, ku riƙe wannan ku gaya wa na gida. Duk wanda rodi ko katako ko ƙahon sa ko tsinin ƙarfen katanga ya shiga jikinsa ya tsaya, kada a zare. Abin da ya shiga ɗin shi ke toshe jijiyoyin da ya yanka. Ana zarewa jini zai ɓalle daga ciki inda hannu ba ya kaiwa, kuma fitarsa na ƙara yaga abin da shigarsa ta bari. A tattara tsumma mai tsabta a kewaye gindin abin a ɗaure don kada ya motsa. In ya yi tsawo ba zai shiga mota ba, a riƙe shi gam a yanke shi daga nesa da jiki, a tafi da guntun a ciki. Kada a ba shi ruwa ko abinci don tiyata za a yi. Na ga waɗanda aka kawo da ƙarfe a jiki suka tashi, na ga waɗanda 'yan'uwa suka zare musu don tausayi ba su iso da rai ba.

Garba Tela: Sista, wannan bayanin ya shige ni. A wajen kiran asibiti na yarda a faɗi abin yadda yake. A sanarwar rediyo dai ina nan a kan bakata, a yi doguwar jimlar, ba a rasa daƙiƙa biyu ba.

Hajiya Rabi: Wannan zaɓin edita ne Malam Garba, ba zan ce ka yi laifi ba, muddin doguwar jimlar ta faɗi cewa ƙarfen ya tsaya a jiki.

Zainab: Anti, saura amfani da ita a inda ba jini. Na ga an rubuta she impaled him with her eyes.

Hajiya Rabi: Ta kafe shi da ido. Kin ga a nan ba za mu ce tsire ba, kafe za mu ce, kuma ma'anar ba ta ɓace ba, an riƙe mutum a wuri ɗaya ya kasa motsi. Haka in yaro ya soki yankan doya da cokali mai yatsu ya ɗaga, Bature zai ce impale. Akwai ma wani ɗan tsuntsu da suke kira shrike, yana kama fara ko ƙadangare ya tsire a kan ƙaya ya dawo ya ci daga baya, littattafan tsuntsaye da wannan aikatau suke bayaninsa. Abu biyu kawai za ki kiyaye: ba ta da dangantaka da impala, dabbar dawan nan mai kama da barewa, sunanta daga harshen Zulu ne. Ba ta kuma da dangantaka da pale mai nufin koɗewar launi, wannan daga wata kalmar Latin ce daban.

Auwalu: Sista Ladi, to labarin Phineas Gage fa? Na ga wurare da yawa an ce he was impaled.

Sista Ladi: Mun karanta shi a makarantar jinya. Shugaban leburorin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ne a jihar Bamont ta Amurka. A ranar 13 ga Satumba 1848 yana danna albarushi cikin ramin dutse da sandar ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandar ta fi mita ɗaya tsawo, nauyinta wajen kilo 6. Ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta bi bayan ido, ta fasa ƙoƙon kai ta sama ta fice ta faɗi can nesa. Ya rayu har 1860, idon hagun ya mutu, likitansa kuma ya ba da rahoton cewa halinsa ya canza, abin da ya sa masu nazarin ƙwaƙwalwa ke ambatonsa har gobe.

Auwalu: To Hajiya, a ma'aunin da kika ba mu wannan ba impale ba ne ke nan, tunda ƙarfen bai tsaya ba.

Hajiya Rabi: Ka kama daidai ɗana. Mutane na faɗa saboda girman ƙarfen da firgicin abin, kuma ba wanda zai tsayar da su, amma mai kula da kalmominsa zai ce the rod passed through his skull, ko pierced. In aka kawo mini labarin in fassara, ko da Baturen ya rubuta impaled ba zan ce ƙarfe ya tsire shi ba. Zan ce sandar ƙarfe ta huda masa kai ta fice ta sama.